Yadda 'Yan Acaɓa Za Su Haɗu Su Tayar Da Babur Ɗin Ɗan'uwansu

Duk wanda ya taɓa zaman bakin layi ya san wannan zaman. Mutum ya zo da sassafe a ƙasa, ya gaisa da kowa, ya samu gefen benci ya raɓa. Fasinja na zuwa, 'yan'uwa na tashi ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan yana juya makulli a yatsa. Ka ce masa ina mashin, ya ce yana gida, ɗan gyara ne. A kwana uku ɗan gyaran bai ƙare ba, kuma ka lura ya daina kiran mai shayi.

Na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi na yunit ɗinmu, wato reshen ƙungiyarmu ta 'yan acaɓa, kuma na ga taimako iri biyu. Na ga wanda ya mayar da mutum kan titi cikin mako guda, na kuma ga wanda aka tara kuɗi masu kauri amma babur ya shekara a jingine, aka ƙare da gaba tsakanin mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya. Duka biyun zuciya ɗaya aka yi su. Abin da ya raba su shi ne tsari. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga Indiya da Sin suka yi tsadar da sauke inji ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya mai iyali. Don haka taimakon nan ya zama dole, kuma dole a iya shi. Ga yadda muke yi, ko ƙungiyarku tana ƙarƙashin ACOMORAN, wato uwar ƙungiyar masu baburan haya ta Najeriya, ko ku 'yan kabu-kabu ne a Maraɗi ko Damagaram, ko kuwa abokai ne kawai da kuke tsayuwa a gindin bishiya ɗaya.

Da farko, a same shi shi kaɗai

Kada a tare mutum da maganar a tsakiyar layi. Namijin da ya saba ciyar da gidansa da guminsa zai gwammace ya ce lafiya lau da a ji halinsa a bainar jama'a. Mutum ɗaya ko biyu da yake sakin jiki da su za su ja shi gefe, ko su bi shi gida bayan magariba. Magana gajera ce: "Ɗan'uwa, mun ga kwana biyu ba ka fito da mashin ba. Gaya mana gaskiya, me ya same shi?"

A wannan zaman akwai tambayar da ba a tsallakewa: babur ɗin na waye? Idan nasa ne, magana ta yi sauƙi. Idan na wani ne yana kai balas kullum ko duk mako, to gyara babba irin na inji yawanci a kan mai babur yake, shi direba ƙananan abubuwa ne nasa, kamar faci da filogi da juyen baƙin mai, sai dai in sun yi wata yarjejeniya daban. Idan kuma irin wanda ake biya sannu-sannu ne har ya zama nasa, yawanci gyara a wuyansa yake, kuma kuɗin mako bai daina ƙirguwa. A nan taimako na farko ba ya cin ko sisi: ciyaman da wani dattijo su je wurin mai babur su ce, "Alhaji, yaron nan namu ne, mun san riƙonsa. Muna roƙon a dakatar masa da balas har mashin ya tashi, mu kuma za mu tsaya a kan gyaran." Sau da yawa mai babur da ya ga manya sun tako ƙafa yakan sassauta, wani ma ya ɗauki rabin kuɗin kaya.

A kai babur ɗin inda ya dace

Idan a hanya ya mutu, a rufe famfon mai na ƙasan tanki, a cire makulli. Kada a ja shi da igiya. Turin nan da muke yi da ƙafa, ɗaya a kan lafiyayyen babur yana dafe da mataccen, yana yi a cikin unguwa a kan gajeriyar tafiya, amma a babban titi da tirela ke wucewa ganganci ne. A nemi a-kori-kura ko keke mai buɗaɗɗen baya, a ɗaure shi a tsaye don kada mai ya zube. Takardun babur su kasance a aljihun wanda ya raka shi, musamman rasit mai ɗauke da lambar inji da lambar shasi, domin mataccen babur a bayan mota abu ne da jami'an tsaro ke tsayarwa su tambaya, kuma suna da hujja, satar babura ta yi yawa.

In haɗari ne ya lalata shi, mutum ake fara dubawa. Asibiti tukuna, ƙarfe ya jira.

Kada a karɓi ko kwabo kafin a san ciwon

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan zan fi daɗewa. Da an ji babur ya ƙi tashi sai wani ya ce inji ya buga, tausayi ya kama mutane, a fara miƙo kuɗi. Mu ma mun taɓa yin haka. Muka tara wa wani ƙaninmu kuɗin sauke inji, aka je aka tarar ruwa ne a cikin kafireta, daga man da ya saya a galan a bakin hanya. Aka wanke, babur ya tashi. Kuɗin da aka tara kuma suka zama abin magana, wasu na cewa a mayar, wasu na cewa a bar masa, shi kuma kunya ta hana shi fitowa layi kwana da kwanaki.

Injin babur abu huɗu yake nema kafin ya tashi: mai, wuta, iska da matsi. A cikinku ba za a rasa wanda ya daɗe a kan ƙarfe ba, shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

A fara da mai. A buɗe tanki a leƙa, a juya famfo zuwa rizab, wato man ajiya na ƙasan tanki, a zare robar da ke kai mai kafireta a ga ko yana zuba sosai ko ɗigo yake yi. A kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta a tari abin da ya fito a cikin kwalba mai haske. Idan akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, mai yana sama, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Idan ka ga laka ko jan tsatsa, tanki ne ke buƙatar wanki.

Sai wuta. A cire filogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa a jikin inji, nesa da ramin filogin da kuma inda mai ya zuba, a buga kiki. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsalle da ƙarfi. Idan ja ce mai rauni, ko babu gaba ɗaya, a gwada sabon filogi. In har yanzu shiru, matsalar tana wajen koyil, ko si-di-ai, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar filogi, ko wata waya da ta tsinke, ko makunni. Hanya mafi arha ta ganewa ita ce a aro na wani ɗan'uwa mai irin babur ɗin a gwada na minti biyu. Wannan ma taimako ne, kuma shi ne amfanin kasancewar yawancinmu iri ɗaya muke hawa, Boxer ko Jincheng ko Haojue.

Kafin a mayar da filogin a dube shi da kyau, domin yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Bakinsa in ya yi launin ƙasa-ƙasa a bushe, inji na ƙona mai daidai. In ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya amma a bushe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a duba cok da kafireta da soson iska. In kuwa baƙi ne mai maiƙo yana sheƙi, baƙin mai ne ke haurowa inda bai kamata ba, kuma wannan ya fara nuna ringi ko robobin bawul.

Iska ba ta da wuya. A buɗe akwatin soso a gani. Mu da muke aiki cikin ƙurar hunturu da hanyoyin ƙauye, soson nan yakan toshe har ya zama kamar bulo. Wanda ya fi muni shi ne wanda ya yage ko aka cire shi gaba ɗaya, domin ƙurar da ta wuce kai tsaye ita ce ke cinye ringi da cikin silinda kamar ana goga musu yashi.

Na ƙarshe matsi. A taka kiki da ƙafa a hankali. Lafiyayyen inji yana turjewa, kana jin yana mayar maka da ƙafa. In kiki ya tafi ƙasa salalau ba turjiya, matsi ya gudu: ko bawul ba ya rufuwa, ko ringi ya cinye, ko gasket ya ƙone. In kuma kiki ya ƙame ƙam ya ƙi motsi alhali babur ba ya cikin giya, to kada a hau shi da ƙarfi, alama ce fistin ya kama ko wani abu ya karye a ciki. Sai a kwance noti a zubar da baƙin mai a cikin kwano mai tsabta, a kai rana a duba. In kaɗan ne ya fito, an san dalili. In ka ga yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe, inji sai an buɗe.

A kuma tambayi mai hawa babur ɗin abin da ya ji da abin da ya gani kafin ya mutu. Hayaƙi shuɗi daga salansa baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Ƙara siririya daga saman inji, kamar ta keken ɗinki, yawanci bawul ne ko cen ɗin taimin. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an ja totur, ya fi kama da konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da ƙasan inji, ko boris, kuma shi ne mai cin kuɗi.

A buɗe inji a gaban shaidu

In ta tabbata sai an buɗe, a kai wa bakaniken da 'yan layi suka daɗe suna kai wa aiki, wanda ya san irin wannan injin, ba wanda ya fi kowa araha ba. Mutum biyu su tsaya tare da mai babur lokacin da ake kwancewa. Wannan ba zargin bakanike ba ne, kariya ce gare shi ma, domin gobe ba wanda zai ce ya ƙara abin da bai lalace ba. A ce masa, "Oga, duk abin da ka ce a canza, nuna mana ciwonsa." Bakaniken kirki zai ji daɗin wannan. Zai ɗaga fistin ya nuna maka inda ya ƙuje, ya sa farce a cikin silinda ka ji kurjin da kanka, ya girgiza konrod ka ga yadda yake wasa sama da ƙasa.

A rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya a takarda, kuɗin hannu kuma a rubuta shi daban. Kada a yarda da jimla a dunƙule. Sannan a raba kayan gida uku: wanda babur ba zai tashi ba sai da shi, wanda zai iya jiran wata guda, da na kwalliya. Jama'a na farko kawai za su ɗauka. Fasasshen madubi da yagaggen kujera da fenti, mai babur zai yi su da kansa idan ya fara samu. Abu biyu ne ban taɓa yarda a sa su cikin masu jira ba, birki da taya. Idan birki-shu ya cinye ko taya ta suɗe, a sa su a jerin farko ko da ba su ne suka kwantar da babur ɗin ba. Ba ma tayar da inji don ya kai ɗan'uwanmu da fasinjansa ƙarƙashin mota.

Tsofaffin kayan da aka cire a zuba su a leda a riƙe. Za su yi amfani a kasuwa, za su kuma yi amfani ranar rufe littafi.

Yanzu sai karo-karo

Da an san adadi, sai ciyaman ya sanar a taro ko a zauren WhatsApp na yunit, da izinin mai babur. A faɗi abin da ya lalace, nawa ake nema, wa zai karɓa, da ranar da za a rufe. Kada a ɗauki hotonsa a tsaye kusa da mataccen babur ana yaɗawa. Shi ma mai babur ya sa nasa, komai ƙanƙantarsa. Wannan yana tsare masa mutunci, yana kuma sa masu bayarwa su ji cewa tallafa wa mai ƙoƙari suke yi.

Ga misali don lissafi kawai. A ce kaya da kuɗin hannu da man gwaji sun kama naira 60,000. Mai babur ya kawo 10,000. Asusun yunit ya ba da rancen 15,000. Saura 35,000. In ku 35 ne, kowa 1,000 ke nan, kuma ba sai an ba da ita a dunƙule ba, 250 kullum na kwana huɗu ya fi sauƙi ga mai kai balas. Wata dabarar da ta yi mana aiki ita ce kuɗin fasinjan farko: kowa abin da ya samu a ɗaukarsa ta farko da safe sai ya miƙa wa ma'aji. In kuna adashi, wanda kwasarsa ta zo zai iya musanya layi da mai matsalar, shi ya karɓa daga baya. Wanda ba shi da hali a ranar kada a kira sunansa, kada a yi masa kallon banza. Wani gudummawarsa ita ce ya kai bakanike kasuwa ya dawo da shi kyauta.

Mutum ɗaya ne zai karɓi kuɗi, wani daban ya rubuta. In ta waya ake turawa, asusu ɗaya tak. Da adadi ya cika a sanar an rufe.

Sannan a fayyace tun kafin kuɗi su bar hannu: wanne ne kyauta, wanne ne rance. Yawancin rigimar da na gani daga nan ta taso, mai bayarwa yana ganin bashi ya bayar, mai karɓa yana ganin kyauta aka yi masa. Abin da yake rance a rubuta shi, da yadda za a biya, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba wanda zai ce rubutu rashin yarda ne. Ba a ɗora ko sisi a kan rancen. Aya ta 280 a wannan surar kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, shi ya sa mu ba ma fara karɓa sai babur ya yi mako biyu yana aiki.

Kuɗin kuma ba a hannun mai babur ake sa su ba. Na san wannan maganar tana da ɗaci, amma ina nan a kanta. Mutumin da ya yi kwana biyar ba ciniki, ga yaro ba lafiya, ga mai gida yana neman haya, in ka damƙa masa kuɗin fistin zai kai su inda wuta ta fi ci, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai babur yana nan a kwance. Kuɗin gyara su tafi shagon kaya da hannun bakanike kai tsaye.

Gida ma sai ya ci

Saboda haka ne ake ware wa gida nasa daban. Gyaran inji yakan ɗauki kwanaki, tukunya kuwa ba ta jira. Hanya mafi kyau ita ce a ba shi abin da zai nema da kansa. Mai tashi aiki da la'asar ya ba shi babur ya yi na yamma, in dokar garinku ta yarda da aikin dare. Wanda zai yi tafiya ko yake hutun Juma'a ya bar masa makulli. A yi sharaɗi a sarari: ya dawo da mai yadda ya same shi, faci a kansa, ba ya fita bayan gari, kuma in babur ɗin na balas ne sai an nemi izinin mai shi. In aron bai samu ba, a ɗan ware kuɗin cefane daga karo-karon a kai masa gida cikin sirri.

Sayen kaya

Mutum biyu za su je, ɗaya a cikinsu wanda ya san kaya, da takardar jeri da ledar tsofaffin kaya. Kowane sabo a ɗora shi kusa da tsohon a gwada. Kasuwar kayan babur, daga manyan dilolin Nnewi a jihar Anambra har zuwa shagunan garuruwanmu, kaya hawa-hawa ne: akwai na kamfani, akwai mai bi masa, akwai jabu da aka sa wa kwali mai kyau. A tambayi mai shago kai tsaye, "Alhaji, wanne ne na farko, wanne ne na biyu, nawa kowanne?" Abin da ke cikin inji, wato fistin da ringi da konrod da boris da bawul, a sayi mafi kyau da kuɗi za su iya, domin in ya mutu sai an sake biyan kuɗin buɗewa. A robobin jiki da murfin gefe ake yin tsimi.

Kada a sayi fistin kafin a kai silinda wurin masu borin, wato masu faɗaɗa cikinta da inji. Su za su auna su ce ko za ta zauna a yadda take, ko sai an ƙara faɗi. Fistin na ƙari hawa-hawa yake zuwa, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00 na milimita, kuma da fistin ɗin a hannu ake yin borin don a daidaita su. In silinda ta riga ta kai ƙarshen faɗinta, sabuwa ake saya. Idan cen ɗin taya na cikin jerin, a saye shi tare da haƙoransa na gaba da na baya, domin sabon cen a kan tsofaffin haƙora ba ya daɗewa.

Baƙin mai a saya a rufaffiyar roba, ba na awo daga durom ba. Ƙananan baburanmu masu cc 100 zuwa 125 wajen lita ɗaya suke sha, kuma 20W-50 ne aka fi zuba musu a zafin ƙasarmu. A nemi wanda aka yi don babur, mai alamar 4T ko JASO MA a jiki, saboda kulocin babur a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna sa shi sulɓi. Roba biyu za a saya, dalilin ta biyun yana tafe.

A karɓi rasit, a kuma yi magana da mai shago cewa abin da bai shiga ba za a dawo da shi. In za a sayi na hannu, a saya a shagon da aka sani, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko makamancinsu a garinku. Wanda ya zo maka da inji sukutum a buhu da rabin farashi, ba takarda, ka bar shi. Mai yiwuwa wani ɗan acaɓa ne aka raba da babur ɗinsa, wataƙila ma da ransa.

Ranar haɗawa

Wani ya zauna a garejin daga farko har ƙarshe, ku yi ta canji don kada mutum ɗaya ya rasa cinikin yini. Mai zaman ba koya wa bakanike aiki zai yi ba, ido ne kawai. Ya ga an wanke cikin inji da ƴar rariyar mai, kuma a kan tire ko kwali ake ajiye kaya, ba a kan yashi ba. Ya ga sabbin kayan da aka saya su aka sa. Gasket sabo, ƴan kilif ɗin da ke riƙe fin ɗin fistin sabbi, bakunan ringi a warwatse ba a jere a layi ɗaya ba, an shafa wa fistin da silinda mai kafin a haɗa, an daidaita taimin a kan alamarsa, an saita bawul inji yana sanyi. Soson iska a wanke ko a canza. In aka bar yagaggen soso, duk kuɗin da jama'a suka tara ƙura za ta cinye su cikin 'yan watanni.

Kuɗin hannu a ba da rabi a farko, cikon bayan gwaji. Da ya tashi a bar shi ya yi 'yan mintuna a tsaye, a saurari ƙara, a duba hayaƙi, a leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Ɗan hayaƙi a farko ba komai, man haɗi ne ke ƙonewa, amma ya kamata ya ɗauke. Sai wani gogagge ya zagaya da shi, ya shiga kowace giya, ya gwada birkin gaba da na baya, fitila da hon. Cen ɗin taya ya kasance yana wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. A biya bakanike cikonsa a ranar, kada a ja masa rai, gobe wani ne zai kwanta a hannunsa.

Makon farko a kan titi

Nan ne aiki ke lalacewa bayan an gama shi. Mutum ya yi kwanaki ba ciniki, ga rance a wuya, sai ya fito da zafinsa, ya ɗauki mutum biyu da buhun masara ya kama hanyar kasuwar ƙauye. Sabon ringi bai gama zama a cikin silinda ba, zafi ya yi yawa, fistin ya sake kamawa.

Kilomita 500 na farko lallaɓawa ake yi. Gudu kada ya wuce kilomita 40 zuwa 50 a awa, fasinja ɗaya, ba kaya masu nauyi, ba murɗe totur har ƙarshe, ba doguwar tafiya a tsakar rana ba hutawa. Kowace safiya ya duba baƙin mai kafin ya tayar. 'Yan layi su ne za su sa wannan ya yiwu: in fasinjan kusa ya zo a bar masa ko da ba layinsa ba ne, in mai kaya ko mai nisa ya faɗo a kansa wani ya karɓa su yi musanya. Da ya cika kilomita 500 a juye man, a zuba roba ta biyun nan da aka saya aka ajiye wurin ma'aji, bakanike ya sake duba bawul da notuna. Da yake mitar yawancin baburanmu ta daɗe da mutuwa, a ƙiyasta da kwana: mai aiki kullum ya juye a cikin mako guda.

Rufe littafi

A taron da ya biyo baya, ma'aji ya tashi ya karanta: an tara kaza, an sayi kaza da kaza, ga rasit, ga ledar tsofaffin kaya, bakanike ya karɓi kaza, gida an kai kaza, saura kaza. Jimlar abin da aka kai gida za a faɗa, ba sai an zayyana ba. Rarar da ta rage jama'a ne za su yanke, amma shawarata a zuba ta a asusun gyara, a kuma ɗora masa wani abu ƙarami da kowa zai riƙa sakawa tare da kuɗin tikitin ƙungiya, don wanda zai kwanta nan gaba a fara masa aiki tun ranar farko.

Rancen kuma a bi shi yadda aka rubuta, kaɗan-kaɗan, ma'aji yana sa hannu a gaban mai biya. In wani mako ya gaza, ya faɗa wa ma'aji tun kafin ranar, a ɗaga masa. Ranar da ya cika, a ja layi a kan shafin a gabansa da shaidun nan biyu, a rubuta kwanan wata, a sanar a layi cewa ya gama biya.